Yadda Tub Ɗin Keken Baba Ya Narke

Mijina ba ya ganin abu ya lalace ya wuce shi. Ba ya ma jira ya gama lalacewa. Fankarka ta ɗan yi ƙara, ko rediyonka ya yi tari, kafin ka buɗe baki ya miƙo hannu ya ce, "Bar mini." Da haka sunan ya bi shi. Duk gidan hayarmu da layinmu Bar-Mini ake kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don a zatonsa lambar yabo ce.

Abin da mutane ba su damu su sani ba shi ne inda kayan da aka bar masa suke ƙarewa. A ɗakina suke ƙarewa. Ɗaki ɗaya gare mu da ɗan baranda, amma a ciki akwai fanka marar wuya, da dutsen guga da aka feɗe, da rediyoyi hanjinsu a waje, da wani agogon bango wanda tun ranar da mijina ya taɓa shi yake tafiya da baya. Ƙarƙashin gado ya cika, bayan ƙofa ya cika, kan akwatina ma bai tsira ba. Na taɓa neman murfin tukunyata na same shi cike da notoci. Masu kayan sun gaji da sintiri sun sayi sababbi, ni aka bari da gawarwaki.

To, a ƙofar gidanmu akwai wani ɗan shago mai kallon titi, wanda mai aski ya tashi ya bari. Mutum biyu suka ɗora ido a kansa, mijina da Tela, wanda ya gaji da ɗinki a lungun matattakala. Mai gidan, wani tsoho da kowa ke kira Baba, yana da son a roƙe shi, sai ya riƙa ja musu rai: yau ya ce yana tunani, gobe ya ce mabuɗin ya ɓuya. Ni kuwa na fi su duka son shagon nan. Ba ciniki nake hange ba, na san mijina. So nake a kwashe tarkacen nan a kai can, in shimfiɗa ƙafata a ɗakina ba tare da na taka sukudireba ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja 'yar Baba, wadda ke aikin jinya muke ce mata Nas, ta sayo masa keke, don likita ya ce sai ya riƙa motsa jiki. Keke sabo fil, baƙi, mai faffaɗar taya da giya kala-kala. Kullum da yamma in ta taso aiki sai ta biyo, ta tisa shi a gaba ya hau ya zaga layi, tana biye da shi a ƙasa. Baba yana tuƙawa ne fuska a yamutse kamar mai haɗiyar magani.

Ranar da abin zai faru, da hantsi Baba ya turo keken tsakar gida, ya duƙa yana latsa tayar baya da babban yatsa. Mijina yana shan shayi a baranda. Ko kofin bai ajiye ba ya taso.

"Baba, wa ba shi da lafiya?"

"Tayar baya ce ta ɗan yi laushi. Ƙaya na taka jiya. Ara mini famfo in ƙara mata iska."

"Famfo? Haba Baba! Ai faci ta yi. Sai an buɗe an ciro tub an duba."

"Nas ta ce irin wannan ba ta da tub," in ji Baba. "Wai akwai wani farin ruwa a ciki da yake toshe huda da kansa. Ka ga ma inda ya ɗan tsattsafo ya bushe. Iska kawai ta ce a riƙa ƙarawa."

Mijina ya yi dariya har shayi ya zubo masa a yatsu.

"Taya ba tub? To iskar a aljihun wa take kwana? Baba, Nas ta san allura, ban musa ba. Amma taya a bar wa masu ita."

"Su wa ke nan?" Tela ya jefo daga lungunsa, ko kai bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba.

"Kai dai ci gaba da huda tufafin mutane. Mu toshe huda muke yi."

"Na ga alama. Fankata da ka toshe tun bara ko numfashi ba ta sake yi ba."

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana ƙyalli. Ya laluba aljihu, sai ga mabuɗin da ya ɓuya ya bayyana. Ya kaɗa shi a sama.

"To an zo wajen. Bar-Mini, ka gyara tayar nan kafin Nas ta iso, shago naka ne. In ka kasa, na Tela ne. Kowa ya shaida?"

Mai Wanki, da ke tsugune bakin rijiya yana dama sitaci, ya ɗaga hannu ya ce ya shaida. Ni kuwa gabana ya faɗi, sannan ya tashi da murna. A raina na ce, taya ce fa kawai. Ko mijina ai taya ba za ta gagare shi ba. Ni da kaina na ɗauko masa kujera 'yar tsugunno, na shimfiɗa masa buhu. Da ya ce yana bukatar abin ɓamɓare taya, ni da hannuna na miƙa masa cokulana masu kyau, waɗanda ko baƙi ba kowanne nake fito wa da su ba.

Ya kifa keken ƙafafu sama. Cire wilin baya ya ɗan ba shi wuya, don sarƙar ta naɗe masa yatsa, ta naɗe hannun riga, ta kuma yi masa baƙin gashin baki da ya shafa fuska. Amma ya cire. Ya danna bawul iska ta fice, ya cusa cokali tsakanin taya da wili ya danna. Cokali ya lanƙwashe, taya ko gezau. Ya sa wani, shi ma ya rusuna.

"Malam, a hankali," na ce.

"Cokulanki ne ba su da ƙashi."

"Da shinkafa suka saba, ba da ƙarfe ba."

Ya kwantar da wilin a ƙasa, ya hau gefen tayar da dunduniya yana tsalle yana riƙe da kafaɗar Mai Wanki. Can sai muka ji ɓas, gefen tayar ya saki. Da ya ɗaga wilin, wani farin ruwa kamar madara ya kwararo masa a wando har cikin takalmi. Mai Wanki ya yi maza ya tara wani kofi da ke kusa, ya tsira da ɗan abin da ya rage, ya ajiye a gefe.

Mijina bai kula ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin tayar yana laluben tub. Ya zagaya da hannu ya dawo inda ya fara. Ya sake zagayawa ta ɗaya ɓarin. Ya ɗaga tayar saitin rana ya leƙa da ido ɗaya. Ya girgiza ta. Har Tela ya tsayar da ɗinki ya taso.

"Yaya?" in ji Tela. "Ya fita unguwa ne?"

Na san mijina. Na ga lokacin da abin ya zo masa, don girarsa ta hagu ce take fara ɗagawa. Ya miƙe a hankali, ya dubi farin ruwan da ke wandonsa, ya shafa ya murza a yatsu, ya girgiza kai cikin jimami.

"Innalillahi. Baba, sai haƙuri. Tub ɗinka ya narke."

"Ya me?"

"Ya narke ƙurmus. Ga shi nan a wandona. Zafin titi ne, da kuma gudu. Baba, gaskiya kana gudu da keken nan."

Baba ya gyara tsayuwa. "Ni?"

"Ga shaida a ƙasa."

"To, wani lokaci in na zo gangaren can nakan ɗan sake masa," in ji Baba, yana shafa gemu.

"Baba!" Tela ya ce. "Shekaranjiya fa kaza ta wuce ka, kuma ba sauri take ba!"

"Kai me ka sani a gudu? Kekenka shekara da shekaru kana taka shi, ko ƙofar gida bai kai ba."

Mijina ya samu mai goya masa baya, sai ya ƙara zaƙewa. Ya leƙa cikin wilin, ya ga wani shuɗin ƙyalle mai santsi manne da shi, ya zagaye shi kaf. Daga baya muka ji cewa shi ne yake rufe ramukan wayoyin wili don kada iska ta tsere. Mijina ya nuna wa jama'a shi da yatsa.

"Kun gani? Fatar tub ɗin ce ta rage, ta kama ƙarfe kamar ƙanzo. Miƙo mini wuƙa."

Na miƙa masa. Ya kankare shi tas, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya jefa a kwandon shara. Ƙananan ramuka suka bayyana a jere cikin wilin. Ya ce waɗannan tagogi ne na shan iska, kamfani ya yi tunani.

"To a sayo sabon tub mana a saka," in ji Mai Wanki.

"Wannan tsohon yayi ne. Abin da ya narke ai daskarar da shi ake yi. Ina kofin nan?"

Aka waiwaya neman kofi. Ashe Mai Wanki garin kallo ya manta abin da ya tara a ciki. Ya ga farin abu kusa da shayinsa, ya tuttule a ciki, ya kai baki. Ya fesar da shi har kan kajin maƙwabta, ya ruga bakin rijiya yana kurkure baki yana tofi.

"Shi ke nan," in ji Tela. "Mai Wanki ya shanye tub ɗin Baba. Daga yau ko ƙusa ya taka ba zai sace ba."

Dariya ta kaure, har da Baba. Ni ban yi ba. Rana ta riga ta take tsaka, shagona yana nisa da ni ina kallo. Na ja mijina gefe.

"Malam, don girman Allah, ka san abin da kake yi?"

"Ke ma? Me tub yake in ba abu fari mai danƙo ba? Na ga asalinsa da idona. Yanzun nan zan dama sabo."

Dama shi kuwa ya yi, a cikin robar wanke-wankena. Mai Wanki ya ba da sitaci, yana cewa shi dai kada a sake ajiye komai kusa da shayinsa. Aka tsallaka titi wajen Mai Fenti aka karɓo farin fentin ruwa. Mijina ya zaƙulo gam na katako daga ƙarƙashin gadonmu. Ya juya, ya ɗaga cokali ya duba yadda yake zuba, ya ce launin bai kai ba, ya shiga ya juye mini madarar gari. Da na yi magana ya ce in shago ya samu gwangwani guda zai sayo mini. Sai na ma taya shi juyawa. Kwaɗayi ba abin da ba ya sa mutum.

Ya ɗura haɗin cikin tayar har ya kusa cika ta. Mayar da ita kan wili ya cinye ragowar cokulana. Aka kawo famfo, ya kafa a bawul ya shiga bugawa. Iska tana shiga ta nan tana fita ta ko'ina. Farin kumfa ya riƙa ɓullowa ta gindin kowace waya, yana tsiyaya, wili ya zama kamar mai mura.

"Tagoginka suna shan iska," in ji Tela.

"Gwaji nake. Yanzu na san inda take bi."

Ya sake ɓamɓare gefe guda, ya aike ni ɗaki na ɗauko baƙin salatif na waya, ya goge cikin wilin da zanen da na yi niyyar ɗaurawa gobe, ya naɗe ramukan gaba ɗaya. Wannan ne karo na farko da na ga wani abu ya fita daga ɗakin nan bai dawo ba, har na ji sanyi a raina. Aka mayar da taya, aka ƙara haɗi, aka koma famfo.

Yanzu ramuka sun yi shiru, amma gefen tayar ya ƙi kama bakin wili. Ta yi lakwas a tsakiya, iska tana shiga tana fita abinta. Mijina ya buga har gumi ya wanke masa gashin bakin da sarƙa ta yi masa. Mai Wanki ya karɓa ya buga har ya ce ƙugunsa ya riƙe. Wani mai sayar da burodi da ya shigo kawo wa Baba nasa, shi ma aka ba shi ya taɓa. Ni ma na ɗaure zani na hau famfon nan ina bugawa, kowace bugu ina ambaton abu ɗaya a zuci: fanka, dutsen guga, rediyo, agogo.

"Matar injiniya, a huta," in ji Tela. "In na shiga shagon zan bar muku ƙusa ɗaya a bango ku rataya agogonku."

"Allah ya sa allurarka ta karye," na ce, ina haki.

Mijina ya ce tayar tana bukatar a matse ta. Ya kwance igiyar shanya, kayan mutane suka zube a ƙasa, ya ɗaure tayar ta tsakiya ya zagaye ta, ya murɗa da sanda. Ya ce tana bukatar santsi, ya narkar da sabuluna na wanka ya shafe gefenta. Wili ya riƙa suɓuce masa yana gangarawa, yana bin sa a guje, Baba yana daga kujera yana nuna masa hanya. Duk da haka taya ta ƙi.

Inuwa ta fara tsawo. Baba ya riƙa kallon ƙofa. Sai na ga girar hagu ta sake ɗagawa.

"Matsalar ba ta taya ba ce," in ji mijina. "Iskar famfon nan ba ta da zuciya. A tafi wajen Mai Fenti!"

Mai Fenti yana da injin feshi mai ƙatuwar tukunyar iska, a rumfarsa da ke tsallaken titi. Muka ɗunguma. Mijina a gaba, wili a kai, farin ruwa yana ɗiga masa a wuya. Baba a baya cikin doguwar rigarsa ruwan ƙasa mai duhu, da mabuɗi a hannu. Sai Mai Wanki da ya dafe ƙugu, sai ni, sai Tela da tef ɗin awo a wuya, wai zai auna labulen shago in an gama. Kafin mu tsallaka labari ya riga mu: tub ɗin Baba ya narke, Bar-Mini ya dama sabo. Masu shaguna suka fito, masu wucewa suka tsaya, wani mai babur ya kashe inji ya gyara zama.

Mai Fenti ya dubi wilin ya dubi mijina.

"Injin nan ba na keke ba ne fa. Kuma ba ni da yadda zan san ƙarfin iskar da ta shiga."

"Ina agogon da ke nunawa?"

"Yana wajenka. Ka ce in bar maka."

"Yana ƙarƙashin gadonmu," na ce. "Kusa da dutsen guga."

"Ba komai," in ji mijina. "Yatsana ya fi agogo."

Bakin tiyon injin ya fi bawul ɗin girma, sai ya ɗaure su tare da igiyar roba, ya naɗe ya ƙulle tamau. Ya jingina wilin a ƙafarsa, ya kama ɗan hannun da ake murɗawa iska ta fito. Ya ce kowa ya matsa kusa ya ga ilimi. Abin mamaki, kowa ya matso.

Ya murɗa. Iska ta shiga da ƙarfi, fuuu. Igiyar shanya ta tsinke. Sai muka ji ƙas! Sai kuma ƙas! Tayar ta buɗe, ta kama bakin wili ta kowane gefe, ta cika ta yi ɓul-ɓul kamar ranar da aka sayo ta.

Wallahi ta zauna.

Titi ya ɗauki sowa. Mai babur ya danna ham. Ni ban san lokacin da na yi tsalle na rungume Mai Wanki ba, na tuna, na sake shi na rungume iska. Na riga na ga ɗakina a share, na ga inda zan sa tabarma, har na zaɓi bangon da madubi zai hau. Tela ya zare tef daga wuyansa a hankali ya cusa a aljihu. Baba ya ɗaga mabuɗi ya nufo mijina da shi.

Abu ɗaya ya rage a duniya: ya murɗa hannun nan ya rufe iska. Yaro mai tatata ma zai iya. Amma mijina ya ga taro.

"Jama'a!" ya ce, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan yana kan injin. "Yau kun ga bambancin mai ilimi da mai zare! An ce taya ba tub. Na ce akwai. An ce ya ɓata. Na ce narkewa ya yi."

"Ya isa, rufe," in ji Mai Fenti.

"Bar mini. Daga gobe, duk mai keke, duk mai babur, duk mai mota..."

"Malam, rufe iskar!" na ce.

"So nake ta yi tauri yadda har abada ba za ta sake laushi ba. Har jirgin sama, in ya sauka a layin nan..."

Tayar ta fara wani siririn kuka. Mai Fenti ya ja da baya ya shige bayan durom. A daidai nan taro ya dare, sai ga Nas da jakarta a kafaɗa, cikin shuɗin kayan aikinta, ta kutso tana tambaya.

"Me ake kallo? Baba, me kake yi a titi? Kai, wannan ba wilin..."

Ƙarar da ta biyo baya, har yau in an ja kujera da ƙarfi sai na zabura. Tattabaru suka tashi daga kan rufi. Karnukan layi suka amsa. Mai babur ya faɗo daga kan babur ɗinsa yana a tsaye. Sitaci da fenti da gam da madarata suka tashi sama suka sauko a kan kowa, ba wanda aka yi wa rowa.

Da kunnuwa suka dawo aiki, na share ido na duba. Ba wanda ya ji ciwo, amma ba wanda za ka gane. Rigar Baba ta koma ta zabuwa. Nas fari ya raba mata fuska biyu, yana ɗiga daga haɓarta. Wilin ya karkace, tayar ta yage ta rataye a wuyan mijina. Shi kuwa fari fat tun daga gashi har ƙirji, idanu kawai ke motsi.

Mabuɗin fa? Da Baba ya firgita ya watsa hannu, sai ya tashi sama. Tela, wanda ya fi kowa nisa don baƙin ciki ya sa shi ja baya, shi ya cafe.

Mijina ya tofar da sitaci, ya shafa ƙirjinsa, ya murza a yatsu, ya nuna wa jama'a.

"Kun gani ko?" ya ce. "Ya sake narkewa."

Wani ya faɗi ƙasa don dariya. Mai Wanki ya manta da ciwon ƙugu, yana zagaya mutane yana cewa duk mai son wanki ya kawo tun bai bushe ba. Nas ce kaɗai ba ta dara ba.

"Wa ya buɗe tayar nan?" ta ce. "Baba, ban ce maka ba ta da tub ba? Ban ce iska kawai za a ƙara ba?"

"Kin faɗa, 'yata. Amma an ce gudu nake yi."

"Gudu? Kai?"

"Ranki ya daɗe," in ji mijina, "in kika duba ta fuskar ilimi..."

"Kawu, in ka ƙara kalma ɗaya, allurar da zan yi maka sai ka kwana uku a tsaye."

Tela ya matso yana kaɗa mabuɗi a yatsa.

"Baba, in mayar ne ko in riƙe?"

"Riƙe. Alkawari alkawari ne."

Na ji kamar in zauna a tsakiyar titi in yi kuka. Na haƙura, na ce a raina to, an rasa shago, amma ai ba a ƙara mini komai ba. Ban gama wannan tunani ba Baba ya yi gyaran murya, ya share fenti daga gemunsa, ya ɗaure fuska irin ta masu yanke hukunci.

"Saura keke. Wanda ya ɓata, shi zai gyara. Bar-Mini, ka kwashe shi gaba ɗaya, da wilin da tayar, ka kai ɗakinka. Kada in sake ganinsa sai ya warke."

"Daidai ne," in ji Nas cikin fushi. "Ya gyara shi da hannunsa, ya ji in da daɗi."

"Baba!" na ce. "Ɗakinmu? Baba, ka tausaya mini!"

Bai ko kalle ni ba. Ya dafa kafaɗar mijina, ya sunkuyo kusa da kunnensa, amma da yake ƙarar ta toshe masa nasa kunnen, duk titi aka ji raɗar.

"Ɗana, kada ka yi gaggawa. Ka bi shi a hankali, ko shekara nawa zai ɗauka."

Nas ta juyo ta zuba masa ido. Washegari ta fara tisa shi a gaba yana zaga layi a ƙafa, kuma ta ƙara masa zagaye. Wannan tsakaninsu ne.

Ni dai keke ya shigo. Ba inda zai tsaya sai ƙarshen gado, a nan aka jingina shi, kansa ya leƙo daidai inda nake miƙe ƙafa. Ƙararrawarsa ita kaɗai ce mijina bai taɓa ba, don haka tana aiki lafiya lau. In na juya dama ta buga, in na juya hagu ta buga, in na yi miƙa ta buga sau biyu. Duk gidan sun san yadda nake barci.

Jiya da safe na fito da tsintsiya, Tela yana zaune a ƙofar sabon shagonsa, ya rataya labule, ya miƙe ƙafafu son ransa.

"Matar injiniya, an tashi lafiya? Jiya kam kin yi nisa. Tun daga nan nake jin kina neman hanya."

Na ɗaga tsintsiya zan ba shi amsa, sai na ji keken ɗinkinsa ya yi wani ɗan ƙara, ƙiiit, da ya taka. Daga bayana na ji an ajiye kofin shayi a baranda.

Na yar da tsintsiyar, na ruga na kulle ɗaki, na jefa mabuɗin cikin zanena.